Tawayen Hannun Hagu

Da asuba, tun kafin ya jawo injin iska waje, Mai Faci yakan zauna ya wanke notina tamanin da kananzir, ɗaya bayan ɗaya. Su ne sojojinsa. Filin dagar kuwa murfin tsohon firji ne da ya zana wa garuruwa da ƙusa, ya ja koguna da shuɗin fenti. Shi ya ƙirƙiro wasan shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kowa zai fara da gari ɗaya, ya ci na kusa, ya ci na gaba. Wanda ya mamaye murfin shi ne mai daula.

Aibin wasan ɗaya ne: ba a taɓa cin Mai Faci ba. Mai walda ya daina zuwa, direbobi ma suka janye jiki. Saura mutum ɗaya tal, wani tsohon malamin tarihi da ke zuwa da hantsi riƙe da kujerarsa ta roba. Mai Faci bai iya hira ba, wasan nan shi ne hirarsa. In Malam ya tafi, ba shi da abokin zama sai tayoyi.

Ran nan an matse Malam a lungu da noti huɗu, sai ya cire tabarau.

"Wasan nan naka ƙarya ne."

"Ƙarya kuma, Malam? Kana gani an cinye ka."

"Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi. Ban taɓa jin daular da ta yi wannan girman, ga sarki da ƙane, ƙanen kuma yana zaune yana cewa to ba. Ina yaƙin basasa? Sojojinka ko gudawa ba sa yi. Ni na gaji, ba lallai ka gan ni gobe ba."

Mai Faci bai yi musu ba, don shi ba ya gyara da baki. Washegari Malam ya leƙo ya tarar an shafa wa rabin notinan Mai Faci jan fenti.

"Sabuwar doka," in ji Mai Faci. "Daular da ta wuce gari ashirin dole ta rabu. Hannun damana shi ne sarki. Hagu ƙanensa ne, jiya ya yi tawaye."

Malam ya ji daɗi ƙwarai, har ya ƙara nasa dokokin. Umarnin sarki ba ya isa bakin daga nan take, sai manzo ya taka, gari ɗaya a yini. Aka nemo wata lanƙwasasshiyar ƙusa aka naɗa ta manzo. In an yi ruwa babu yaƙi, hanya ta lalace. Maƙwabci mai hankali kuma ba ya tsoma baki cikin faɗan 'yan'uwa, jira yake su gaji.

Wannan doka ta ƙarshe ita ta kashe Malam, don shi ne maƙwabcin.

Mai Faci ba ya maguɗi, ko da kansa yake yi. Kowane hannu da gaske yake wasa, sai ga shi hagu ta fi dama wayo. Ta kame gada, ta tsare manzo kwana biyu. Wani mai babur ya turo taya ba iska, ya tarar da mai gyara yana harare-harare da hannunsa.

"Baba, sauri nake."

"Dakata, an kewaye babban birni."

Matarsa ta kawo abinci ta tsaya tana kallo.

"Maigida, to wanne zan zuba wa? Sarki ko ɗan tawaye?"

"Sarki ke ci. Shi ya sa ma ake faɗan."

Kwana tara Malam yana zaune gaban notinansa huɗu bai taɓa ko ɗaya ba. Ya yi gyangyaɗi, ya karanta jarida har da tallace-tallace. Ranar goma aka yi ruwa. Ranar sha ɗaya bai zo ba, ya aiko a ɗauko masa kujerarsa da ya bari ranar ruwan.

Mai Faci ya yi yini uku bai taɓa murfin firjin ba. Faci yake yi kamar an sa shi dole, ya tsoma tiyub a ruwa yana kallon kumfa bai gan ta ba. A rana ta huɗu ya kulle injin da tsakar rana, ya manne kowane noti a mazauninsa da gam ɗin faci, ya ɗora murfin firjin a ka. Ni mai ba ku labarin nan ina wurin, ina jiran tayata da bai gama ba, don haka na bi shi har ƙofar gidan Malam.

Malam ya fito da singileti.

"In don in zo in yi kallo ne, koma da kayanka."

"Ba ni na zo ba, Malam. Hagu ce ta aiko ni. Tana neman taimakon ƙasar waje."

Malam ya dubi murfin, ya dubi gadar da aka kame.

"Wannan kam yana cikin tarihi. Me za ta ba ni?"

"Gari uku."

"Biyar, da gadar."

"Ka cika tsada, Malam."

"Haka maƙwabta suke. Sauke. Amma ya za mu ƙulla magana ga sarki nan yana ji?"

Mai Faci ya dubi hannun damansa, ya ga gaskiyar Malam. Ya ajiye murfin a dakali, ya cusa hannun a aljihun wando, ya zauna ta wannan gefen ya danne shi. Sannan ya matso kusa da kunnen Malam, ya rage murya.