Bindigar da Ba Ta Cika Nauyi Ba

Baba Ogunsakin, maƙerin garinmu Ijaran, ba ya yarda da ƙarfe sai ya ji muryarsa. Ko cokali aka miƙo masa a gidan biki, sai ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne kafin ya sa a miya. In ya je Ibadan sayen tsofaffin ƙarafa, yakan rataya kowanne da zare, ya buga masa 'yar guduma, ya rufe ido. In ƙarar ta yi masa, ya ajiye gefe. In ba ta yi ba, ya jefar ya ce, "Maƙaryaci." Masu sayarwa ba sa son ganinsa.

A maƙerar ubansa ya tashi, kan fartanya da tarko, bai fara ƙera bindigar toka ba sai bayan ya yi aure. Bututunsa daga sandar sitiyarin tsohuwar mota yake yankowa, don ita ba ta da ɗinki. Sifirinsa, ƙarfen nan da ke tura kunama, ba ya gajiya, kunamarsa ba ta sakwarkwacewa. In ya gama bindiga sai ya ɗaure ta a jikin ɗorawar bayan maƙera, ya cika ta fiye da kima, ya ja kunamar da igiya daga nesa. Wadda ta tsira ya yi mata tsaga uku a ƙarƙashin bututu, irin na kumatunsa. Maharbi mai tsaga uku a kafaɗa tafiyarsa ma daban take.

Ni akawu ne a ɗakin awon kashu da kaɗanya. A shekarar 1979 ƙungiyar maharba ta ɗauke ni in riƙa rubuta mata bindigogi, don hukuma ta ce sai an san mai kowace. Bindigar maƙeri ba ta da lamba, saboda haka nakan rubuta wanda ya ƙera, da shekara, da tsawonta, da itacen ƙotarta, sannan in ɗora ta a sikeli. Wannan awon ya daɗe yana ba su dariya.

"Akawu, tawa ta bushe ko a sake shanyawa?"

Ban fasa ba. A shekara goma, sau huɗu kacal bindigar Ogunsakin ta koma gyara. Uku ƙota ce ta tsage, ta huɗun ɓauna ce ta taka.

Daga 1987 na fara ganin abin da bai kwanta mini ba. Ogunsakin, mutumin da ko ta'aziyya sai an ja shi, sai ga shi yana bin maharba gida gida, wai a ba shi bindiga ya shafa mata mai. Ta kwana biyu a wurinsa ta dawo, ba a canja mata komai ba. Su suna murna, ni ina rubutawa a gefen shafi. Sau shida ya yi haka cikin shekara uku. Lokacin kuwa ana yawan tare hanyar Saki. Bindigar da ta bar gidan mai ita kwana biyu, wa ya san inda ta je? Ban faɗa wa kowa ba, amma na sayo wa akwatin littafin sabon kwaɗo.

Ranar goma sha huɗu ga Maris 1990, ana tsakar awon kashu, ya shigo ɗakina ya ajiye mini goro biyu a kan tebur. Tunda nake ban taɓa jin wanda ya ci goron Ogunsakin ba. Na juya su na duba ko da tsutsa.

Ya ce, "Akawu, wadda na yi wa Raimi mai karnuka, ina ta shiga bayan ya bar gari? Da ta Gbadamosi, da ta Ajagbe."

"Littafin na ƙungiya ne, Baba."

"Me ka ce?"

"Na ce na ƙungiya ne!"

Sai na ga ya juyo mini da kunnen hagu, idonsa kuma a kan bakina. Ya ɗan tsaya, ya ɗauke goro ɗaya, ya fita.

Da na tashi aiki na buɗe littafin. Shidan da ya ara, da ukun da ya tambaya, duk na daminar 1984 ne. Bindiga tara, tsawo ɗaya, ƙota ɗaya ta maɗaci. Takwas kowace kilo huɗu ne, ko da ɗan ragi kaɗan. Ta Raimi uku da rabi. A gefe na ga rubutuna na wancan lokaci: "An sake awo, haka ne." Ƙasa da shi kuma na rubuta cewa a 1986 Raimi ya musanya ta da kare da buhun alabo, ta koma hannun Oluode Odeyale, shugaban maharba. Shi kuwa ya naɗe ta da fata da layu har tsagar ta ɓace, ya rataye a ɗaka, don tsufa ya hana shi daji.

Oluode ya rasu kwana biyar kafin wannan rana. Ranar cikar kwana takwas da rasuwar, kamar yadda maharba ke yi, babban ɗansa Odebiyi ne zai fara harba bindigar uban kafin kowa ya harba tasa. A irin wannan rana kuwa ba a awon albarushi. Cikawa ake yi don ƙauyen gaba su ji.

Da gari ya waye na tafi maƙera. Ban zauna ba.

Na ce, "Baba, ta Raimi ba ta cika nauyi ba. Rabin kilo. Me ya fita daga cikinta?"

Ya sa hannu bayan zuga-zugi ya jawo wani guntun bututu ya miƙo mini. A tsage yake daga sama har ƙasa, tsaga miƙaƙƙiya kamar an ja ta da rula.

Ya ce, "Ƙarfen sitiyari ba ya tsagewa haka. Wannan bututun famfo ne mai ɗinki, an shafe shi da baƙin mai aka cusa mini. Na yanki bindiga ɗaya a jikinsa, ragowar na sa a bakin zuga-zugi. Sai da ya shekara uku a wuta ya nuna halinsa. Lokacin duk taran sun watse."

"Ba ka ɗaure ta a ɗorawa ba?"

"Na ɗaure, ta tsira. Sabuwa ce. Amma tsatsa ɗinkin take bi ta ciki, damina bayan damina."

"To kunnen naka fa, da ake labari har Iseyin?"

Ya taɓa na dama. "Wannan ya mutu tun kafin daminar nan. Na hagu rabi ne. Bugawar da nake yi, don a gani ne."

Na gaya masa inda bindigar take. Sai ya zauna a kan kututturen uwar maƙera, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ya ce, "Ka aika wa Odebiyi, ka ce ƙungiya tana son sake awo. Yini ɗaya kawai nake so. In canja bututun, in mayar da fatar, ba mai sani."

"Bindigar mamaci ba ta fita ɗaka sai ranar harbi, ka fi ni sani. Kuma ƙungiya ba ta ce ba."

"Kai ɗan nan, in na faɗa a fili, wa zai sake saɓa tsaga uku?"

"Shekara uku kana sane, Baba, mutum tara suna kai ta kumatu."

Na fito ban san abin da zai yi ba. Na dai yanke cewa in bai yi magana ba, ni zan yi, na kuma tafi da littafin a jaka.

Ranar harbin da hantsi, filin ƙofar gidan Oluode ya cika. Maharba sun sha rigunansu na daji, makaɗa suna ta yi, mata suna kwasar amala a tukwane, goran bammi yana zagayawa. Na duba ko'ina ban ga Ogunsakin ba. Odebiyi ya fito da bindigar, ƙato ne mai saurin fushi, aka ɗura mata albarushi har masu kallo suna cewa a ƙara. Na buɗe jaka ke nan sai ga tsohon ya ratso taro. Ya je gaban Odebiyi, wanda bai kai ɗan farin tsohon shekaru ba, ya kwanta rub da ciki a ƙasa.

Kiɗa ya tsaya.

Odebiyi ya ja da baya. "Haba Baba! Tashi, kada ka jawo mini. Bammin ne tun yanzu?"

Ogunsakin yana kwance ya ce, "Kada ka harba ta. Ni na ƙera ta, bututun famfo ne. Kunnena ya mutu, aka cuce ni, na ɓoye."

Wani daga baya ya ce, "To ai sai a kunna ta mu sha ruwa!" Kaɗan suka yi dariya. Waɗanda ke riƙe da tsaga uku ba su yi ba, kowa ya sauke tasa yana dubawa.

Baba Odeniran, mataimakin marigayin, ya ce, "Akawu, me takardarka ta ce?"

Na karanta duk taran, suna da nauyi, ɗaya bayan ɗaya.

Odebiyi ya ce, "Baki kuka haɗa. Mai awon kashu da kurma za su hana ni sallamar ubana? Shekara huɗu tana ɗakinsa, sai yau ta zama famfo?"

Baba Odeniran ya murza gemu. Sannan ya ce, "Abin da muka gada shi ne ɗa ya ja kunamar ubansa. Ban taɓa jin an ce lalle sai da yatsa ba. A kawo igiya."

Ogunsakin da kansa ya ɗaure ta a jikin kaɗanyar bakin fili, daidai tsayin kafaɗa, ya kori mutane baya. Odebiyi ya karɓi bakin igiyar yana huci, ya fizga.

An ji ƙarar a ƙauyen gaba, daga baya suka faɗa mana. Da hayaƙi ya wuce, muka ga bututun ya buɗe a miƙe kamar kwasfar wake. Fatar da layun sun watse. Itacen da ake riƙewa da hannun hagu babu shi, wani guntun ƙarfe kuma ya nutse a jikin kaɗanyar, sai da aka sa awartaki aka ciro. Odebiyi ya tsaya yana kallon tafin hannunsa na hagu, yana buɗewa yana rufewa. Baba Odeniran ya ɗaga wa makaɗa hannu, aka ci gaba.

Ba wanda ya taɓa Ogunsakin. Ba kuma wanda ya sake ba shi aikin bindiga, shi ma bai nema ba. Odebiyi ya shekara ba ya gaishe shi, amma duk ranar da ya kashe gada sai an ga cinya a ƙofar maƙera.

Ni kuwa akwai abin da ya tsaya mini. Bututun famfo dogo ne, zai iya fitar da bindiga fiye da ɗaya. Bayan mako guda na koma maƙera da tef ɗina.

Na ce, "Baba, wanda aka cusa maka, tsawonsa nawa?"

"Ƙafa biyar."

Na auna fasasshen bututun, na auna guntun zuga-zugi, na haɗa. Ƙafa biyar ba faɗin yatsa ɗaya.

"Yatsan fa?"

"Zarto da magagari suka ci, ɗan banza. Ko in amayo maka?"

Na rubuta ƙafa biyar, na sa "in ji shi" a gefe, don bakinsa kaɗai ne shaida. Sannan na bi duk bindigoginsa daga 1983 har ta ƙarshe, na sa aka kawo waɗanda ke gari na sake aunawa. Ta Gbadamosi har Paraku na aika aka ɗora ta a sikelin auduga. Babu wadda ta gaza.

Ya koma ƙera sifirin bindiga da kunama da tarko, kuma har ya rasu a 1998 ban rubuta sifirinsa ɗaya da ya karye ba. Ya daina buga wa ƙarfe guduma. Duk abin da ya sayo, sai ya ɗauro shi a keke ya kawo ɗakin awo. Amma kafin ya yarda in ɗora, sai ya ciro wani dutse daga aljihu, wanda ya ce ya auna a Ibadan, kilo ɗaya ne cif. Ya ɗora shi a sikelina, ya sunkuya ya dubi allurar ta dama, ya zagaya ya dube ta ta hagu.

Ya ce, "Yau dai bai yi ƙarya ba. Ɗora."