Filin da Babu Mai Nomawa

Har yau ban manta da ranar da na tarar da ɗalibaina sun kafa tanti a inda ba a kafawa ba. Duk sabon jami'in da aka turo mini sai na ba shi labarin nan kafin in miƙa masa usur, don haka ku ma ku gyara zama.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni ba malamin aji ba ne, jami'in horaswa ne a sashen koyar da harkokin gudanarwa. Ɗaliban da suka shiga shekara ta uku akwai kwas ɗin shugabanci da dole su yi, kuma ba a kan kujera ake yin sa ba. Mukan kwashe su daga cikin makaranta, mu raba su da fanka da teburin mai shayi, mu kai su ƙauye kwana uku. A raba su rukuni-rukuni, a karɓe wayoyi, a ba kowane rukuni taswira da tanti da tukunya da ɗanyen abinci. Shugaban rukuni da ƙuri'a ake fitar da shi, kuma shi ke yanke shawarar hanya da wurin kwana. Mu namu zagaye a babur da ba da maki, ba ma sa baki sai in abin ya shafi rai. Wanda ya faɗi kwas ɗin sai ya jira baɗi, 'yan ajinsa su kammala su bar shi.

Horon daji muke kiran sa, amma dajin a suna ne kawai. Tsakanin Ɗambatta da Makoda, inda muke kai su, babu taƙin ƙasar da ba ta da mai ita. A shekarar da nake ba ku labari ƙarshen damina muka fita, gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo, gyaɗa da wake sun rufe ƙasa. In ba burtali ka bi ba, wato hanyar shanu da ke ratsa tsakanin gonaki, to a kan abincin wani kake tafiya.

A rukunin da ya fi ba ni aiki, ƙuri'a ta faɗa kan wata yarinya mai suna Falmata. 'Yar Rijiyar Zaki ce, kakanninta daga gabas suka zo Kano tun da daɗewa. A aji babu mai kamo ta, ba ta da yawan magana, kuma komai nata a tsare yake, har 'yan ajin suka laƙaba mata Manaja. A rukunin kuma akwai Nazifi, ɗan siyasar ƙungiyar ɗalibai, wanda ko layin ɗiban ruwa aka yi sai ya nemi ya zama ciyaman. Ana buɗe ƙuri'a ya ɗaga hannu.

"Malam Sabo, a sake ƙuri'ar nan mana. Ai tafiyar daji ce."

Na ce, "Nazifi, ƙuri'a ba ta san ka ba. Ɗauki tukunya ka bi ta."

Ya ɗauka yana dariyar yaƙe, ya ɗan rusuna mata ya ce, "Ranki ya daɗe, duk yadda kika ce." Sauran mazan suka kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, don na ɗauka tsokana ce irin ta 'yan makaranta.

Aikin ranar shi ne su isa wani ƙauye kafin azahar, su nemi wurin kwana. Sharuɗɗan a fili suke: kada a shiga shuka, kada a takura wa gidan kowa, kada a sauka inda ruwa zai kwanta, kuma a nemi inuwa. Na riga na gaisa da mai unguwar garin, Baba Haladu, ya ba mu filin makarantar firamare. Ashe ruwan da aka yi kafin ranar ya mai da filin tafki. Falmata ta duba ta ga ba ya kwanuwa, ta ja rukuninta gaba. A bayan gari ta hango wani ɗan tudu mai manyan itatuwan kuka da marke, ciyawa har gwiwa, babu ko kan gero ɗaya a ciki. Duk sharaɗin da na gindaya wurin ya cika shi.

Bayan azahar na biyo zagaye. Tun daga nesa na ga manoma na fitowa daga cikin dawa da fartanya a hannu, kowa ya nufi waje guda da sauri, wasu na salati. Na ce ko maciji ya sari wani. Na yar da babur a bakin burtali na kutsa.

Tanti biyu a kafe, na maza da na mata. An haɗa murhu, shinkafa na tafasa. Wata ɗaliba na zaune a ƙasa tana kuka, ƙafarta ta burma har gwiwa, ƙawayenta sun zaro ta. Na leƙa ramin da ƙafar ta bari, sai na ga tsofaffin tukwane a jere, ɗaya ta fashe. Na ɗago na sake duban filin da kyau. Ƙarƙashin ciyawar nan ƙasa ta lotsa nan da can, dogo-dogo, duk sun fuskanci waje ɗaya, ga tsingaro ko'ina. Tsohuwar maƙabartar garin ce. Turakun tantinmu a cikin kaburburan mutane aka buga su.

Baba Haladu ya iso yana dogara sanda. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya nuna murhun da sandarsa.

"Malam Sabo, filin makaranta na ba ka. Wancan wajen da kuka hura wuta, mahaifiyata ce a ƙasansa."

Matasan garin kuwa sun fara zafi, wani na cewa a kira 'yan sanda, wani na cewa 'yan boko ba su san darajar mamaci ba. Na ja gefe na kira shugaban sashenmu a waya, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ya saurara, ya ce, "Malam Sabo, wa ya zaɓi wurin? Shugaban rukuni ko? To ka rubuto sunan. Ta faɗi kwas ɗin, sannan ta gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Ka ba mutanen haƙuri, ka ce jami'a ta ɗauki mataki." Na ce to, Dakta. A raina na san shekara guda ta yarinyar nan ta tafi kenan, in ma abin ya tsaya a nan.

Kafin in dawo, Baba Haladu ya riga ya tambaya wa ya kawo su wurin. Falmata ta fito gaba, ta durƙusa.

"Ni ce, Baba. Ni na zaɓa. Babu ruwan kowa."

Tsohon ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, "'Yata, kin taɓa shiga maƙabarta?"

Ta ce, "A'a, Baba. Sai dai in hango katanga daga cikin mota."

Ya girgiza kai, ya ce, "To ina za ki sani."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. A wajenmu mata ba sa raka gawa. Yarinyar nan ta girma a birni, maƙabartar da ta sani katanga ce da ƙofar ƙarfe, ba ta taɓa ganin yadda tsohon kabari ke komawa ba. Haka ma sauran 'yan matan. Amma mazan fa? Duk cikinsu babu wanda bai taɓa ɗaukar makara ba.

Na juya in dube su, sai idona ya sauka a bakin burtali. Jakunkunan mazan duka suna can a jere, a wajen filin. Ga tabarmar da suka yi sallar azahar a shimfiɗe a kan hanyar shanu, cikin rana, alhali ga inuwar kuka lafiyayya. Babu namiji ko ɗaya da ya ajiye kayansa a ciki.

Na ce, "Me ya sa kuka yi salla a kan burtali?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya, a wannan karon da muryar da ba na son amfani da ita. Sai ɗaya daga cikinsu ya ce a hankali, "Malam, tun muna shiga muka gane. Nazifi ne ya ce mu ƙyale ta, tunda ita ce shugaba ta gani da idonta."

Jama'a, faɗawar ƙafar nan ba ta girgiza ni kamar wannan maganar ba. Samari musulmi, 'ya'yan musulmi, sun san a kan me suke tsaye, suka ɗauki guduma suka buga turaku, suka tono duwatsu suka haɗa murhu, don kawai yarinya ta sha kunya. Sun kare sallarsu da jakunkunansu, suka bar matattun mutane da abokan karatunsu.

Nazifi ya buɗe baki ya ce, "Malam, ai doka ce ta ce shugaba ke yanke shawara. Mu biyayya muka yi."

Allah ne ya riƙe hannuna a ranar. Na ce, "Dokar ta ce ka haɗiye harshenka? Da kabarin ubanka ne, biyayyar za ka yi?"

Baba Haladu ya ɗaga sanda ya tsawatar wa matasan garin, ya ce babu ɗan sandan da za a kira. Ya ce matan su fita su koma bakin hanya. Mazan kuwa, da hannunsu za su kashe wutar, su zare turakun, su cike kowane rami, su samo tukunya su rufe kabarin da ya burma, shi kuma yana tsaye a kansu. Haka aka yi har la'asar ta yi sanyi. Na ga Nazifi a durƙushe yana kwaɓa ƙasa, gumi na zuba, bai ɗago ya kalli kowa ba.

Na je na sami Falmata a bakin burtali. Tana tsaye ta rungume hannu, ba ta ɗauke ido daga filin ba. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Malam, ni ma da nawa laifin. Tun da muka shiga na ga sun yi tsit. Mutanen da tun safe suke musu da ni a kan komai, na ce a kafa nan suka kafa, na ce a hura wuta suka hura. Daɗi na ji. Na ce yau sun yarda da ni. Ban tambayi kowa me ya gani ba."

Na ce mata wannan ba laifin da za a kayar da mutum a kansa ba ne. Sai ta nuna wani wuri da ƙasa ta lotsa, ciyawa ta rufe shi ruf.

"Malam, bara Babana ya rasu. Haka nasa zai koma?"

Na ce, "In babu mai zuwa dubawa, haka yake komawa." Ta goge fuska da gefen hijabinta, ta ce in ara mata wayata. Ina tsaye ta kira yayanta, ta ce don Allah gobe ya je ya dubo kabarin Baba, in ya lotsa a ƙara masa ƙasa, kuma ya faɗa mata a ƙarƙashin wace bishiya yake.

Da muka koma makaranta ban rubuta sunan da Dakta ya nema ba, na rubuta abin da ya faru duka, har da tabarmar da ke kan burtali. Mun yi sa-in-sa sosai a ofishinsa. Shi yana cewa ƙa'idarmu shugaba kawai take aunawa, ni ina cewa to ƙa'idar ce gurguwa. Kwamiti ya zauna, ya saurari kowa. Falmata ta ci kwas ɗin, ba da makin da ta saba samu ba, kuma ba ta yi ƙorafi ba. Mazan da suka sani suka yi shiru, su suka maimaita. Da bazara muka koma garin da rukunin, aka zagaye maƙabartar da shingen bini-da-zugu. Falmata ce ta tsara aikin daga bakin hanya, kuma duk abin da za ta ce a yi sai ta fara cewa, "Ku da kuke ciki, me kuke gani?"

Tun daga shekarar muke ba mabiya maki kamar yadda muke ba shugaba. Shi ya sa za ku ga a takardar da zan raba muku kowane ɗalibi yana da gurbinsa.

Ku kuma ga abin da nake so ku tafi da shi. In kun biyo zagaye kuka tarar da rukuni ana cacar baki, ana ce wa shugaba bai iya ba, ku wuce abinku, waɗannan lafiya suke. Amma in kuka tarar kowa ya yi tsit, shugaba na ba da umarni ana cewa ranka ya daɗe, to ku kashe babur ku sauka. Ku duba inda suka ajiye jakunkunansu.