Kujerar da Baba Bai Buɗe Ba

Jama'a, yau na yi kuka a gaban mai shara, wallahi!

Kun san na kama gida na 'yan kwanaki a Maitama don Baba ya zo daga Paikon Kore ya huta, ciwon baya ya matsa masa. Ɗaki ɗaya ne. Ya rantse ba zai kwana ciki ba jikokinsa na falo. Muka bar masa falon, na ce a raina ba komai, ai kujerar falon tana buɗewa ta zama gado.

Yau da safe muna haɗa kayan tafiya, mai shara ta ja kujerar. Ta baje! Zanin gado a ninke, ko taɓa shi ba a yi ba.

Ta ce, "Oga, ba wanda ya kwana nan?"

Na ce, "Baba, ina kake kwana?"

Ya nuna tayil. "Nan, kan darduma. Kujerar ta yi mini gajarta."

Innalillahi! Na ɗauka matata ta nuna masa. Ita kuma kunyar suruki, ta bar mini. Shi kuwa ni ne ɗan fari, ko sunana ba ya faɗa, balle ya tambaye ni makwanci. Kullum kafin mu fito ya naɗe dardumar.

Na roƙe shi mu ƙara kwana. Ya ce gona na jira.

Ya sunkuya da ƙyar, ya danna katifar da tafin hannu.

Ya ce, "Ashe gado aka tanadar mini. Da laushi kuwa."

Sannan ya ɗauki jakarsa.