Ranar da Muka Kai wa Girgizar Ƙasa Talla

Shekarun baya can, zamanin Turawa, ina yarinya ko ɗaurin zane ban iya ba, gidanmu yana bayan tashar jirgin ƙasa ta Minna. Mu 'yan unguwar ba ma jiran usur. Kafin jirgi ya iso ƙasa take fara rawa, kwanuka su hau ƙara a ɗaki, kowace mai talla ta suri farantinta. Wadda ta riga isa bakin taga ita ke ciniki.

Wata rana da hantsi mahaifiyata tana suyar doya, ƙanena jariri yana barci a tabarma a gindin katangar madafi, kakata tana ɗaki tana kaɗi, sai ƙasa ta girgiza. Ba irin wadda muka saba ba, don har ruwan randa ya fantsalo waje.

"Kai, wannan jirgi ya sha lodi!" in ji mahaifiyata. "Yau akwai ciniki. Ke, ɗauki faranti!"

Wayyo daɗi! Na fita a guje kamar an ce ga sallah, mahaifiyata na biye da ni da nata farantin. Unguwa duk ta fashe, masu ƙosai, masu gyaɗa, Fulanin Beji da ƙoren nono, ana ture juna ana dariya. Ni ce ta fari a bakin dogo, har ina yi wa ƙawata gwalo. Na buɗe murya: "Doya da zafi!" Ga talla, babu jirgi, ko hayaƙinsa babu.

Mai tuta, wani Bagwari, ya fito yana riƙe da hularsa. "Mama, ina za ku? Jirgi babu! Kasa ne yana rawa da kansa!"

Bai rufe baki ba ƙasa ta sake yi. Kwanon rufin tasha ya ɗauki ƙugi, mata suka zube suna salati. Ni kuwa, Allah na tuba, tsalle nake ina ihun murna, a ganina wani sabon wasa ne ya zo gari. Sai muka ji rugugi daga wajen unguwarmu, ƙura ta tashi.

Mahaifiyata ta saki faranti. "Yarona!"

Ban taɓa ganin gudu irin nata ba. Muka tarar katangar madafi ta kwanta gaba ɗaya a kan tabarmar. Ta durƙusa tana tonon ƙasa da hannu. Nan murnata ta koma ciki, tsoro ya kama ni.

Sai ga kakata ta shigo daga waje tana haki, jariri goye a bayanta, kwanon yaji a hannu.

"Ke 'yar nan, wace irin mai talla ce ke? Doya ba yaji? Na bi ku tasha da shi, ga mijina ya farka yana tsala ihu, dole na saɓo shi. Me kike nema a ƙasa?"

Mahaifiyata ta rungume ƙafafunta. "Inna..."

Har yau in na tuna sai na yi dariya. Wautarmu ce ta fitar da mu daga gidan, mantuwar mahaifiyata ta fitar da ƙanena. Yanzu yana da jikoki, kuma duk ranar da ya cika mini baki sai in tuna masa cewa albarkacin yaji yake numfashi.