Mangwaron da ban dasa ba

Mun tashi da ƙarfe shida na safe ranar Talata daga Unguwar Kanawa, mu uku: ni, da maƙwabcina, da wani dattijo mai noman albasa. Dukanmu 'yan lambu ne. Malamin gona ne ya aiko mu je mu ga wurin gwajin shuka da aka buɗe a hanyar Zariya, ya kuma ce kowa zai komo da dashen mangwaro kyauta. Wannan kyautar ce ta hana ni sakewa.

Da ƙafa muka isa Kawo. Muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance amma kuɗinsa na nan yadda yake. Daga nan muka hau bayan wata babbar mota mai ɗauke da buhunan gyaɗa, aka karɓi sisi sisi. Direban bai kauce wa rami ko ɗaya ba.

Da muka isa, abin da muka fara gani shi ne rumfunan zana, ƙarƙashinsu dashe jere a cikin gwangwanaye. Na biyu, ramin da suke ruɓar da ganye da kashin shanu ya zama taki. Na uku, ɗaki na gilashi tun daga bango har rufi, ruwan saman da ya sauka a kansa yana gangarawa cikin tanki. A ciki tumatir ne ya yi shar. Dattijon ya share gumi ya ce, "Ikon Allah! Tumatir an gina masa ɗaki, ni kuwa rufina na yoyo."

Malamin gonan mutumin kudancin lardi ne, mai ladabi, Hausarsa tas. Ya ce kuɗin aikin daga Ingila aka aiko don bincike, ba rance ba ne. Ya nuna mana yadda ake yi wa mangwaro aure, a tsaga reshen mai zaƙi a ɗaure shi a jikin na gida. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma na lura kowane dashe an rataya masa ɗan guntun ƙarfe mai lamba.

Na ce, "Malam, lambar ta mece ce?"

Ya ce, "Baba, don mu riƙa zuwa muna auna girmansa ne kawai."

Na ce, "To, itacen na wa?"

Ya yi dariya ya ce nawa ne. Da na tambaye shi ko Baturen da ke ofis zai faɗi haka a gaban mai unguwa, sai ya ce Bature ya tafi rangadi.

Ga inda matsalar take. Lambun nawa ƙasar aro ce. Wani tsoho Bagwari ya ba mahaifina, bisa sharaɗin da kowa ya sani: mai aro yana shuka abin da zai girbe, ba ya dasa itace, don itace shaidar mallaka ne. In na dasa, tsohon zai ce ina neman cinye masa ƙasa, ya tashe ni. In ma ya ƙyale, ga lambar gwamnati rataye a gonarsa. Daga lambun nan iyalina ke ci.

Maƙwabcina ya karɓi uku yana murna, shi gonar gado gare shi. Ni na karɓi ɗaya don kada in kunyata malamin. Muka dawo da la'asar, ina rungume da gwangwani a cikin mota kamar mai jego.

Da na iso ban kai shi lambu ba. Na aza shi a kan dutsen niƙa a tsakar gida, don kada saiwa ta taɓa ƙasa. Washegari Bagwarin ya zo, don labari ya riga ni isa. Ya dubi dashen, ya dubi dutsen, ya gaishe ni ya tafi. Na koyi cewa kafin ka karɓi itace, ka fara tuna ƙasar wa za ka sa shi.

Yanzu saiwa ta fara leƙowa ta gindin gwangwanin. Ina roƙon mai karatu, in kana da ƙasarka ta kanka, ka zo Unguwar Kanawa ka tambayi gidan mai lambun bakin rafi, ka ɗauki dashen kafin damina ta zauna. Ka tafi da shi har da lambar.