Maliki Mai Turka a Hannun 'Yan Bindiga

A Gangara, duk mai son sayen sa don turka sai ya nemi Maliki. Tun yana saurayi yake ɗaure shanu a bayan gida, yana ba su dusa da harawa da kanwa har su cika. Girman sa bai taɓa ruɗinsa ba. Yakan tona kashin da kara. In ya ga ƙwayar dawa ta fito yadda ta shiga, sai ya wuce. Yakan dafa haƙarƙari da tafin hannu, domin a ganinsa sa mai zafin jiki da yawan zabura ƙone abinci kawai yake yi. Wanda yake so shi ne mai kwanciya ya yi tuƙa a natse, hanci da danshi, gashi na sheƙi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, 'yan bindiga a kan babura suka tare motar da Maliki ke ciki a hanyar Sabon Birni. Direban, Badaru, ya ɗaga hannu zai yi magana, suka harbe shi a wuya. Jininsa ya fantsama a rigar Maliki. Aka kwantar da fasinjoji a ƙasa ana dukansu, sai wani mai rawani ya taka kan Maliki da takalmi.

"Kai na Maliki mai turka? Tashi. Kai muka jira."

A dajin da suka kai shi, shanun sata ne cike da wani kwari, rani ya ramar da su, abincin kuma kaɗan ne. Mai rawanin ya ce ya ware waɗanda za su yi nama da wuri, sauran a yanka. Maliki yana ratsa garken sai ya ci karo da jan bijimin Is'haƙa, ƙanen matarsa da aka kashe a Gatawa.

"Wanga na Is'haƙa ne," ya ce, bai san maganar ta fito ba.

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa. Ya tofar da haƙora biyu, ya miƙe, ya ci gaba da dafa shanu yana kuka.

Yawancin waɗanda ya zaɓa sun murmure. Ɗaya ya kamu da zawo ya mutu. Mai rawanin ya sa aka danne hannun daman Maliki a kan kututture.

"Da wanga hannu ka taɓa shi ko? Yau za ni gyara maka shi."

Da taɓarya suka farfasa yatsun, har ya suma.

Farkon damina wata ƙungiyar 'yan bindigar ta kawo musu hari don ƙwace shanun. Harsashi na tashi, shanu suka tsinke igiya suka tattake mutane, bukkoki suka kama wuta. Maliki ya sunkuya a tsakiyar garken da ke gudu, ya bi su har bakin gulbi, ya faɗa ruwa da hannu ɗaya.

Ya tarar da Gangara ta watse. A garin Isa ya samu matarsa Sa'adiyya, a wani kango tare da 'yan gudun hijira, ta riga ta fara takaba. Da ta gan shi a ƙofa sai ta zauna a ƙasa.

Yanzu igiya yake tufkawa da hagu da yatsun ƙafa, Sa'adiyya tana kai masa kasuwa. Hannun daman ya ƙandare, in hadari ya haɗu yakan yi masa zogi. Ƙarar babur ko ta ɗan acaɓa ce, sai ya ajiye igiyar ya saurara har ta wuce.