'Ya'yan Zabuwa a Gindin Marke

Kakata, wadda muke kira Iya, har ta koma ga Allah ba ta yarda Wudil ta tashi daga ƙauye ba. Ko da aka raba ƙasar, aka yanke wasu garuruwa aka ba su tasu ƙaramar hukumar, cewa ta yi, "Su yanka su ƙara yankawa, ni dai na san inda na baro tuluna." Mu kuwa dariya muke yi, mun ɗauka rikicin tsufa ne.

Gidanmu a bakin titi yake, a ƙasar Utai, amma ba nan ne asalinmu ba. Tsohon ƙauyen yana can ciki. Da titi ya zo sai mutane suka yi ta tasowa gida-gida, kowa na son kusa da mota da kasuwar Juma'a, har wurin ya zama kufai, kufan ya koma gona.

Da an ci tuwon magariba sai Iya ta tura kara a murhu, ta zuba gyaɗa a toka, ta ce, "Ku matso, ta iso, kada ta huce." Ni ne sarkin ƙorafi. "Iya, don Allah ban da tatsuniyar zabuwa yau."

"Ji mini miji marar cefane! Ta zabuwar za ka sha."

Ba ta da wani armashi, shi ya sa na tsane ta. Wai wata zabuwa ce ta ƙyanƙyashe 'ya'ya uku, sai aka yi shekarar tari, suka kwanta barci ɗaya bayan ɗaya. Ta kai su gindin marke, bayan tsohuwar rijiya, ta rufa musu fasasshen tulu don kada ruwa ya dake su. Da tsuntsaye suka tashi ƙaura bakin hanya, ita ma ta bi su, amma ta roƙi kowa: a noma ko'ina, a bar mata gindin marke. Shi ke nan fa. Babu kura, babu dodo, babu wanda aka cinye.

"To sun tashi daga barcin?" in ji mu.

"Da sauran lokaci," in ji ta. Sai ta hau tonon gyaɗa, ta ce hayaƙin kara ne ya shigar mata ido.

Shekaru suka tura. Gari ya cika ya tumbatsa, makarantu, gidajen bulo, tifa-tifa suna ta jigilar ƙasa dare da rana. Gonar kufai ta faɗo hannuna da gado, ni kuma ina aikin gwamnati a Sabon Gari, rabona da fartanya har na manta. Da masu tifa suka ce suna son jar ƙasar wurin don ciko, ko shawara ban yi ba na amsa. Wallahi har murna nake yi na rabu da ƙaya.

Ranar da suka kawo katafila na je na tsaya. Suka fara daga ƙasan gonar, suna yo sama. Rana ta yi zafi, na nemi inuwa, itace ɗaya ne ya rage a wurin. Ina isa na yi tuntuɓe da wani abu. Na duba, bakin tulu ne ya leƙo daga ƙasa. Gaba kaɗan ga wani, ga wani, a jere kudu da arewa, gajeru-gajeru. Na ɗaga kai: marke. Na waiga: ga ramin tsohuwar rijiya.

Na ruga ina ɗaga hannu kamar mahaukaci. "Malam, tsaya! Don girman Allah kashe ta!"

Direban ya leƙo. "Alhaji, lafiya? Maciji ne?"

Tsakanin bakin katafilar da marken bai fi tsawon ɗaki biyu ba.

Na kira Goggo Hansai, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ban ma gaishe ta yadda ya kamata ba. "Goggo, wa ke gindin marke?"

Ta yi salati. "Yayyena ne, su uku. Har da ɗan farin Iya. Kada dai ka ce mini an taɓa su?"

"Ba a taɓa ba."

"Alhamdu lillahi. Kai, ɗan nan, ka kusa kashe ni."

Na ce me ya hana Iya ta faɗa mana kai tsaye? Goggo ta ce, "Kai ma dai! Macen da ko sunan ɗan farinta ba ta iya kamawa yana raye, ita ce za ta zauna gaban jikoki tana ba da labarin mutuwarsa? Kunya ba za ta bar ta ba."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan wanda aka tsamo daga rijiya. Masu tifa dai mutanen kirki ne, da suka ji sai suka ɗaga hannu suka yi addu'a, suka juya. Kafin sati ya zagayo na kewaye wurin da bulo.

Yanzu idan ana ba da tarihin ƙasarmu, ana lissafa wane gari aka yanke, wane aka haɗe, ni sai in tuna yadda na yi ta ƙorafi, ita kuma ta yi ta maimaita mini tatsuniyar da ba na so, har ta zauna mini daram a ka. Jiya 'yata ta ce, "Baba, ta zabuwar nan ba daɗi." Na ce za ki sha ta kuwa. Sai dai ni a tawa, 'ya'yan zabuwar suna da suna, kamar yadda Goggo ta faɗa mini: Sule, Dije da Ɗan'azumi.